Yadda ake sallamar kontar idan za a sauya gida a Yamai

Mai tashi daga gidan haya a Yamai abu uku ne ke cin ransa: kuɗin dillali, watannin da sabon mai gida zai nema a biya gaba, da motar da za ta kwashi kaya. Kontar ɗin wuta, wato mitar lantarki, da ke maƙale a bangon zaure ba mai tuna shi. Sai an yi wata biyu a sabon gida waya ta yi ƙara, tsohon mai gida ne: "Malam, faktir ya zo fa, kuma naka ne." Ko kuma ka shiga gida da murna, kwana goma ba a yi ba ma'aikatan NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, su zo su yanke wuta a kan bashin mutumin da ko fuskarsa ba ka taɓa gani ba.

Tushen rikicin guda ne. Kontar yana zaune a bango, ba ya bin kowa. Abonma kuwa, wato yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin, sunan mutum ke kai. Idan bashi ya taru, mai sunan ake bi, amma wayar da ake yankewa ta gidan ce, ko wa ke ciki. Saboda haka mai fita yana iya barin sunansa ana ci masa bashi a baya, mai shiga kuma yana iya kwana cikin duhu a kan laifin wani. Duk matakan da ke ƙasa don toshe waɗannan ƙofofi biyu ne.

Ka fara da faktir, mako 3 ko 4 kafin tashi

Ka ɗauko faktir na ƙarshe, wato takardar kuɗin wuta, ka karanta shi da kyau, ba adadin kuɗin kaɗai ba. Ka duba sunan da ke sama, lambar abonma, lambar kontar, ƙarfin da aka yi rajista da shi, da lambobi biyu na karatun kontar, tsoho da sabo. Sannan ka je bango ka gwada lambar da ke jikin kontar da wadda ke takarda. A gidajen da kontar 4 ko 5 ke jere wuri ɗaya, ba abin mamaki ba ne mutum ya shekara yana biyan na maƙwabcinsa.

Sunan da ka gani shi zai nuna maka hanya. In naka ne, aikinka yana ofishin NIGELEC. In na mai gida ne, kuma haka abin yake a yawancin gidajen haya, aikinka yana tsakaninka da shi. Akwai kuma na uku da ake yawan cin karo da shi a tsofaffin unguwanni irin su Zongo, Bukoki da Gamkale: sunan wani ɗan haya ne da ya tashi shekara 15 da ta wuce, ko na mahaifin mai gidan da ya rasu tuntuni. Wannan ma da mai gida za ka yi magana, domin ofis ba zai saurare ka a kan abonmar da ba taka ba.

Ka tattaro rasit na aƙalla wata 6 na baya. Waɗanda ka biya ta waya, ka nemo saƙonninsu ka ɗauki hotonsu tun kafin yaro ya goge su da wasa.

Idan abonma da sunanka take

Hanya biyu ce. Ko ka soke ta gaba ɗaya, ko a mayar da ita sunan wani, mai gida ko wanda zai gaje ka. A gishe, wato tagar ofis, ta farko suna ce mata reziliyasiyo, ta biyu mitasiyo. Ka riƙe kalmomin, suna rage dogon bayani.

Akwai hanya ta uku da mutane suka fi bi, ita ce kuma ba na ba kowa shawararta: a bar komai yadda yake, sabon ɗan haya ya ci gaba da biya da sunanka. Ranar da ake wannan magana kowa mutumin kirki ne. Amma ba ka san wanda zai shiga bayan shi ba, ba ka san ko za a kawo injin walda ko firiza uku na sayar da ƙanƙara ba, kuma in aka taɓa kontar aka kama, sunanka ne a takardar tara. Ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya zai shiga, ku je ku sauya suna. Ba rashin yarda ba ne. Shi ma gobe yana iya tashi ya bar wa baƙo.

Ka je ofishin NIGELEC da unguwarku ke ƙarƙashinsa, da sassafe, kuma kada ka bari sai Juma'a. Ka riƙe katin shaidarka da kwafinsa, faktir na ƙarshe da rasit ɗinsa, takardar abonma ta asali in tana nan, da ƴar gajeruwar wasiƙa mai cewa kai wane, mai abonma lamba kaza, kana neman a soke ta daga rana kaza. Wasiƙar ka yi ta kwafi biyu. Ɗaya ka ba su, ɗaya a buga maka hatimi da kwanan wata ka dawo da ita gida. Wannan kwafin mai hatimi ya fi duk wata magana ta baki da za a yi maka, domin shi ne shaidar ranar da ka ce ka fita.

Abubuwa uku ka tambaya kafin ka bar gishe. Yaushe za a zo karatun kontar na ƙarshe. Nawa ne bashin da kwamfuta ta nuna a kan lambarka yau, don wani lokaci akwai ragowar wani tsohon faktir da ka manta. Sai kuɗin ajiya. Wanda ya buɗe abonma ta kontar mai faktir yakan ajiye wani kuɗi tun farko a matsayin jingina a kan abin da zai sha. Kuɗinka ne, ana lissafa shi idan an zo rufe asusu: a cire abin da ake bin ka, in da saura naka ne. Mutane da yawa suna tafiya su bar shi saboda ba su ma san da shi ba, ko takardar ta ɓace a ƙasan akwati. In mitasiyo kuka zaɓa, ku je tare da wanda zai karɓa, kowa da katinsa, kuma ku daidaita maganar wannan ajiya tun a gida.

Bayan faktir na ƙarshe ya fito ka biya, ka nemi takardar da ke nuna ba a bin ka komai. Ka ajiye ta inda kake ajiye takardun haihuwar yara.

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya fi kowa buƙatar jin wannan. In daga Yamai aka tura ka Tawa, kamfanin ɗaya ne can da nan, amma abonma ba ta shiga mota ta bi ka. Ta nan za a rufe, a buɗe wata can. Tsakanin garuruwan biyu ya haura kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma ba ka so ka yi wannan tafiya don sa hannu ɗaya. Ka gama kafin ka ɗaure kaya. In lokaci ya ƙure, ka bar wa wani amintacce takardar wakilci da kwafin katinka.

Idan da sunan mai gida take

Nan ba ruwanka da ofis, amma nan ne aka fi yin faɗa. Matsalar ita ce faktir yana biye da baya: wutar da ka sha a makonnin ƙarshe ba ta fito a takarda ba tukuna ranar da kake miƙa makulli. Mai gida zai so ya riƙe kuɗin ajiyarka na haya gaba ɗaya "har faktir ya zo", kai kuma kana buƙatar kuɗin yau.

Maganin shi ne ku yi lissafin da kanku, kuma ba shi da wuya. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane. A ce faktir na ƙarshe ya nuna ka sha kilowat 160, kuɗinsa duka sefa 14,400. Raba 14,400 gida 160, ya ba ka 90. Ke nan kowane kilowat, haɗe da haraji da sauran ƙananan kuɗaɗen da ke cikin takardar, ya tsaya maka a kan sefa 90. Yanzu duba sabon karatun da ke wannan faktir, a ce 4,210. Ranar tashi kontar ya nuna 4,306. Bambancin 96 ne. Ninka 96 da 90, ya zama 8,640. Ka ba mai gida jaka 9, wato sefa 9,000, ku rubuta, an wuce wurin.

Lissafin ba zai dace da faktir daidai wa daida ba, domin farashin NIGELEC hawa-hawa ne: wanda ya sha kaɗan yana biyan kilowat da araha, wanda ya haura wani mataki farashin abin da ya ƙaru yana tashi. Amma bambancin ba zai kai abin da za a ɓata zumunci a kai ba. Abu ɗaya ka kiyaye: in a Afrilu ko Mayu kake tashi, kada ka yi lissafi da faktir na Janairu. Lokacin sanyi da bazara ba gida ɗaya ba ne a wurin kontar.

Yadda za ka buɗe maganar ma yana da tasiri. Dattijo ba ya son a zo masa da takarda da biro kamar ana tuhumarsa. Ka ce, "Alhaji, ina so mu duba kontar tare kafin in tafi, kada in bar muku nauyi." Ko kuma, "Hajiya, a turo yaro ya tsaya mu karanta lambar, don hankalina ya kwanta." In ka sa abin a matsayin kare haƙƙinsu, ba wanda zai ƙi.

Gidan da ɗakuna da yawa ke shan kontar ɗaya kuwa, kowa ya san yadda rabon yake: a ƙirga ƙwan fitila, fanka, talabijin, firiji, a yanka wa kowa. Ka sanar da mai tattara kuɗin tun da wuri, ka biya rabonka na kwanakin da ka yi a gaban mutum biyu. Shi ke nan.

Kontar mai kati

Wanda ke da kontar na biya-kafin-ka-sha ya huta da rabin wannan wahala, amma yana da nasa tarkon. Lambobi 20 da ake ba ka idan ka sayi kuran, wato wuta, an ɗaure su ne da lambar kontar guda. Ba za su shiga wani ba, kuma abin da ka riga ka zuba ba ya fitowa. To a watan ƙarshe ka daina sayen na jaka 10 a lokaci ɗaya, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan. In ragowa ta yi yawa, ka nuna wa mai shiga abin da allon ya nuna ku daidaita.

Wasu irin waɗannan kontar suna da ɗan akwati mai maɓallai da ake ajiyewa cikin ɗaki. Na kontar ne, ba naka ba. Masu kwasar kaya ba su san wannan ba, za su jefa shi cikin kwali tare da rimot ɗin talabijin, sai ka isa Lazare ko Yantala a kira ka a ce gidan ba a iya sa wuta. Ka miƙa shi hannu da hannu tare da makulli. Kuma ka goge tsohuwar lambar kontar daga wayarka, ko ka sauya mata suna. Na san wadda ta yi wata biyu a sabon gida, ranar da wuta ta ƙare da dare ta tura jaka 5 ga kontar ɗin gidan da ta bari, don lambar ce hannunta ya saba da ita.

Ranar tashi

Bayan an fitar da kaya na ƙarshe, ka ɗauki hoton kontar guda uku: ɗaya kusa yadda karatun zai fito sarai, ɗaya mai nuna lambar kontar da hatimin da aka ɗaure shi da shi, ɗaya daga nesa mai nuna bangon. Nan take ka tura wa mai gida ta WhatsApp, kwanan wata da lokaci su zauna a wayarku ku biyu. Ku rubuta karatun a takarda, ku sa hannu. Sannan ka sauke disjonktar, wato babban makunnin da ke yanke wutar gidan gaba ɗaya. Gidan da ba kowa a ciki kuma wuta na kunne, maƙwabci mai dogon waya ba ya rasa dabara, masu fenti da za su zo gyara ma da wutarka za su yi aiki.

Kontar na ruwa ka yi masa daidai haka, hoto da takarda. Kamfanin yanzu NDE ne, ko da yake bakin mutane bai daina cewa SEEN ba.

Tun lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a Agustan 2023, kafin a maido da ita a Maris 2024, gidaje da yawa suka sa faranti na hasken rana da batir. In kana da su, kada ka bar ƴan dako su kwance. Ka kira mai gyaran wuta ya raba su da layin gidan, ya mayar da wayoyin yadda ya same su, ya naɗe duk bakin waya. Batir a ɗauke shi a tsaye, kwalbar gas ma haka, kuma a rufe ta a cire tiyo.

Sabon gida: kafin ka ba da ko dala

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin a tsohon gida abin da ka sani kake rufewa, a sabo kuwa cinikin biri a sama ne in ba ka duba ba. Dillali zai nuna maka fenti da tayil, ya ce "wuta da ruwa duk akwai". Akwai ɗin ba ita ce tambayar ba.

Ka nemi faktir na ƙarshe da rasit ɗinsa. In an ce ba a san inda yake ba, ka kwafi lambar kontar ka roƙi mai gida ya haɗa ka da wani ku je ofis a duba bashin. Na taɓa sakaci da wannan a wani gida a Talaje. Wanda ya fita ya bar wata 4 bai biya ba, mai gidan yana tafiya, ni kuma na riga na biya haya. Ƙarshe ni na biya don yara su samu fanka, sai da na yi wata 3 ina cirewa daga kuɗin haya, kowane wata da sabuwar muhawara. Da na duba tun farko, magana ɗaya ce: a biya kafin in shiga, ko a rubuta cewa za a cire. In kontar mai kati ne, ka sayi kuran na jaka 1 ka karanta rasit ɗin layi-layi, ka ga kilowat nawa aka ba ka da abin da aka cire.

Sai gwajin kontar. Ka zo lokacin da akwai wuta, in an ɗauke ka dawo. Ka kashe duk fitilu, ka zare komai daga bango, ka bar disjonktar a sama, ka tsaya ka kalli kontar minti 5. Tsohon samfuri yana da faifai mai juyawa, sabo yana da ɗan jan haske mai ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja. In komai a kashe yake amma faifai na tafiya ko haske na ƙiftawa, wani na sha daga layinka, ko waya na zubar da wuta cikin bango. Sannan ka juya gwajin: ka sauke disjonktar ka zagaya. Duk fitila ko soket da ya ci gaba da aiki, ba ta kontar ɗinka yake bi ba. Kada ka ɗauka garaɓasa ce. Yana iya zama haɗin sata, kuma ranar da masu bincike suka zo, wanda suka tarar a gidan shi za su fara tambaya. Haka in ka ga hatimin kontar a tsinke ko gilashin a fashe: ka ɗauki hoto, ka sa mai gida ya kai rahoto kafin ka kwana ciki. Kai dai kada ka sa hannu, kada kuma ka bar wani mai gyara na unguwa ya "daidaita" maka.

Abu na gaba shi ne ƙarfin abonma, wanda kusan ba mai dubawa. Wutar gida bolt 220 ce. Disjonktar da aka saita a amfiya 15 yana ɗaukar wajen wat 3,300, wanda aka saita a 30 kuma ninkin haka. Fanka ba ta wuce wat 50 zuwa 80, firiji ɗaya ko biyu ba matsala. Amma na'urar sanyaya ɗaki guda tana cin sama da wat 1,000, dutsen guga ma haka, abin dafa ruwa ya fi su. In gidan na ƙaramar abonma ne kai kuma kana tafe da na'urar sanyaya ɗaki biyu, duk dare a bazara za ka riƙa fita da tocila kana tayar da disjonktar. Ƙara ƙarfi a ofis ake nemansa, da sunan mai abonma, kuma yana iya sauya farashin da ake yi maka da kuɗin ajiya. Akasin haka ma yana faruwa: ka gaji babbar abonma ta wani mai shago ko mai injin niƙa, kana biyan tsayayyen kuɗin wata na ƙarfin da ba ka amfani da shi. Ka duba wannan layi a faktir kafin ka sa hannu a takardar haya.

Ko za ka mayar da abonma sunanka? In zaman shekaru za ka yi kuma gidan kai kaɗai ne, ni ina ganin ya fi, domin kai za ka iya kai ƙorafi da kanka in faktir ya zo da kuskure, ba sai ka jira Alhaji ya dawo daga Umara ba. Za ka buƙaci yardar mai gida da takardar haya. In zaman wata 6 ne, ka bar ta da sunan mai gida, amma a rubuta karatun ranar shiga a cikin takardar hayar, da cewa duk abin da ya gabaci wannan lamba ba naka ba ne.

Gidan da ba kontar sam, irin sababbin gine-ginen bakin gari, wannan wani aiki ne daban: a rubuta buƙata, ma'aikata su zo su auna nisa daga turken wuta, su ba da ƙiyasin kuɗi, a biya, a jira. Aikin mai gida ne, da takardun filinsa. Kada ka shiga a kan alkawarin "mako mai zuwa za a sa", kuma kada ka yarda da wayar da aka ja daga gidan maƙwabci ta kan katanga.

Faktir na farko

Idan ya zo, ka ɗauko hoton ranar shiga ka gwada. Tsohon karatun da ke takardar zai kasance ƙasa da lambarka in wani ya sha wuta kafin ka zo. Bambancin na mai gida ne ko na wanda ya fita, kuma lissafin nan na raba kuɗi da kilowat shi zai fitar da rabon kowa. Ka kuma leƙa kontar ka ga ko sabon karatun da aka rubuta ya yi kusa da abin da yake nunawa yau. In takarda ta wuce kontar, an yi kuskuren karatu ko an yi ƙiyasi don mai karatu ya tarar da ƙofa a rufe. Ka je ofis da hoton ranar da kuma faktir, kafin wa'adin biya ya cika, ka shigar da ƙorafi a rubuce, a buga maka hatimi a kwafinka. In abin ya ƙi warwaruwa a can, akwai hukumar ARSE da aka kafa a 2015 don sa ido a kan harkar makamashi, kuma tana karɓar koken masu amfani da wuta.

Wata ɗaya bayan tashinka, ka kira tsohon mai gida ku gaisa, ka tambaye shi ko faktir ya zo da nawa ya nuna. In jaka 9 ɗin da ka bari ta gaza da sefa 400, ka tura masa.